Rabin Shafin da Ya Kusa Cinye Rumfarmu

Har yau in na ji warin tsohuwar jarida da mai ya jiƙa, rumfar kakana nake tunawa a kasuwar Omdurman. Rumfa ɗaya ce tak ta agashe, gasasshen naman nan mai yaji da ƙuli, amma duk gidanmu da ita yake ci.

Da tsofaffin jaridu muke naɗe nama. Wani dattijo ke yanka su biyu, ya raba wa masu abinci. Ƙananan baƙaƙe sun fi ƙarfin idon kakana, don haka ni nake karanta masa yana juya tsinke. In na gama sai ya ce, "Wa ya faɗa? Yana wurin?" Abin yana ba ni mamaki, mutum yana tuhumar takarda kamar baƙon da bai yarda da shi ba.

Wata damina, kogin Nilu ya cika ya yi ja, na karanto rabin shafi mai cewa za a rushe layin masu nama. Kawuna, da ke yanka nama a rumfar, ya ajiye wuƙa. Dama wani mai takalma ya daɗe yana zawarcin wurin.

Kawu ya ce, "Baba, mu sayar tun tana da daraja."

Kakana ya ce, "Ina rabin da ke da kan takardar?"

"Ga shi fa a rubuce!"

"Kai yaro, rago ma sai na buɗe bakinsa nake saye."

Dattijon mai jaridu ya ce sauran ɗaurin can Bahri, ƙetaren kogi, ya kai shi. Muka rufe rumfa, muka haye gada. Muka bi masu suyar kifi ɗaya bayan ɗaya, kakana yana ba da haƙuri, ni ina gwada bakin yanka da bakin yanka. Wajen wata mai gyaɗa muka sami ɗaya rabin, har ta naɗa shi mazubi. Ashe labarin wata kasuwa ce can jihar Jazira, jaridar kuma ta girme ni.

Yanzu dillancin kayan mota nake a unguwar Alshajara, ina kuma rubuta ɗan littafi kan masu agashen da. Kullum wayata cike take da labarai marasa kai, jama'a na sayar da abin hannunsu a kansu. Ni ba na sa layi a littafin sai na san mai maganar da lokacinta, ko da zan yi wata ina nema.

A waccan ranar, cinikin yini ɗaya muka rasa, da kuɗin mota. Rumfar kuwa ita ta ciyar da ni har na yi gemu.