Ɗakin Kakata a Tsakiyar Ruwa

Jiya a kwalekwalen garin Wara, kan tafkin Kainji, idona ya kafe wuri ɗaya cikin ruwa.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, yayana ya zo hutu daga jami'a. Inna ta tambaye shi binciken me yake yi a lissafi. Ya ce, "In kin san abin da ke gefe, sai ki gano na tsakiya."

Ta ja shi bakin tafkin Kainji, wanda ya cinye ƙauyensu. "To, ga gefe. Ina ɗakin uwata?"

Ya nuna wuri ɗaya cikin ruwan. "Can."

Daga baya ya gaya mini lissafinsa bai kai nan ba. Amma har Inna ta rasu, can take kallo.

Da ku ne, za ku faɗa mata gaskiya?