Ƙusar da Ta Ƙi Fita a Zuba

Ana idar da sallar asuba muka bar Karmo, ni da maigida da ƙanensa mai motar. Keke za mu kai wa Babana a ƙauyenmu can gaba da Zuba. Gwiwoyinsa sun fara ƙin tafiyar gona, ga doya ta isa haƙa, shi kuma ya ce ba zai ba kowa amanar gonarsa ba.

Keken bai shiga but ɗin motar ba, sai aka ɗaura shi a wani maratayi na ƙarfe da ake maƙalawa a bayan mota, wanda ƙanen maigida ya tsinto a panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Duk damina a tsakar gida maratayin ya yi ta, ruwa na dukansa.

Hanyar lafiya lau har Dei-Dei, inda manyan motocin katako suka tsare mu. Daga nan muka faɗa wani rami, na ji ƙwaram a baya. Da na waiga, sai na ga keken ya karkace, tayarsa na neman taɓa kwalta. A hankali muka lallaɓa zuwa Zuba.

Ashe ƙusar da ke riƙe hannun maratayin ce ta lanƙwashe, kuma tsatsa ta cinye ta a cikin raminta. In ba ta fita an sa wata ba, keken ba ya zuwa ko'ina. Mazan biyu suka samo guduma, wannan ya buga, wancan ya karɓa. Ni dai na ce, "Da kun ɗiga mata kananzir, kun ɗan jira." Haka nake yi wa noti na injin markaɗena. Maigida ya ce, "Maman yara, wannan ba markaɗe ba ne."

Wani dattijo mai walda a bakin titi ya leƙo, ya shafa kan ƙusar. Ya ce, "Oga, wa ya yi wannan aika-aika? Kun buɗe mata kai kamar laima. Yanzu ta ina za ta bi?" Ƙanen maigida ya ce a sa wuta. Dattijon ya nuna masa tankin man motar da baki.

Magagari ya ɗauko, ya goge kan ƙusar da guduma ta baje har ya koma daidai da ramin. Sannan ya ɗiga kananzir ta gaba da baya, ya ce mu je mu sha iska. Ban kalli maigida ba, shi ma bai kalle ni ba.

Na shiga kasuwar kayan marmari ta Zuba. Ayaba tuli-tuli, kankana kamar an zubo duwatsu, amma tsada sai ka ce daga Makka aka kawo. Wata Bagwariya ta yi mini gyara da lemo uku don na gaishe ta da yarenta. Muka karya da ƙosai da koko a kan benci.

Da muka dawo, dattijon ya ɗora wani siririn ƙarfe a kan ƙusar, ya ƙwanƙwasa a hankali, sau huɗu ko biyar. Ta zame ta faɗo ƙasa, ja-wur da tsatsa. Ya shafa wa sabuwa giris ya zura. Ya ce, "Hajiya, ki riƙa tuna musu da mai."

Bayan azahar muka isa. Baba ya zagaya keken sau biyu, ya hau, ya yi ɗan tangaɗi, ya nufi hanyar gona ko ruwa bai bari mun sha ba. Na zo da niyyar in sake yi masa maganar ya bar noma ya dawo wurinmu, maganar da shekara biyu muna yi yana ƙara kafewa. Da na ga bayansa a kan keken, sai na haɗiye ta. Man zafi kawai na ajiye masa a gefen tabarma.

Kafin magariba muna gida, da doya shida a but. Tsohuwar ƙusar tana kan tagar ɗakina. Abin da na koyo a tafiyar nan, abin da ya daɗe a wurinsa ba a fitar da shi da duka, ƙara zama yake yi. Washegari na tarar maigida ya sa wa injina mai.