Wata Huɗu Ina Tayar da Babur ɗin da Ba a Hawa

Ranar da maigidana zai tafi, ya fi minti ashirin yana yi mini bayani a kan babur. Ni kuwa abin da na samu shi ne, "Ki yi haƙuri." Watanmu bakwai da aure lokacin. Malamin dabbobi ne, ya samu aiki a wata gonar shanu can kudu, ya ce idan ya zauna da gindinsa zai zo ya ɗauke ni. Ya bar ni a Doguwa da mahaifiyarsa, Inna, mu biyu a gida mai ɗaki huɗu.

Babur ɗin tsoho ne na shiga daji, dogo, irin wanda ake haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya. Da shi yake hawa duwatsu zuwa rugage. Yayansa da ke noma a Burumburum ya roƙi a bar masa, ya hana, wai zai kashe shi da ɗaukar taki. Sai ya tura shi ɗakin ajiya, kusa da buhunan masara, ya ba ni doka. Kullum bayan asuba in ja cok, in buga kiki, in bar shi yana silo, wato inji na aiki a tsaye, minti goma, in kashe. Inda ake zuba murfi biyu na mai kuma in zuba uku, don inji ya ji daɗi.

Na san dokar ba daidai ba ce. Ni 'yar bakanike ce. Garejin Baba yana bakin titi a Kiru, kuma tun ina firamare nake miƙa masa sufana har na gama sakandare. Amma na yi shiru, ni da ba a san ni da shiru ba, saboda ya ƙara da cewa, "Zan dinga kira in ji kukansa."

Ya kuwa dinga kira. Ƙarfe shida daidai waya za ta yi ƙara. In tayar da babur, in kai wayar bakin salansa, ya saurara. Wani lokaci ya ce in ɗan murɗa totur. Bayan nan sai ya ce, "Kun tashi lafiya? Ya Inna?" In ce lafiya lau. Ya ce to madalla, zai shiga aiki. Duka duka minti uku ne. Sauran ranar kuwa ni da tsintsiya da tukunya. Ba ni da kowa a Doguwa. Matan unguwa suna da kirki, amma hirarsu ta mutanen da ban sani ba ce, kuma sau biyu na ba da amsar da aka ce ta yi tsauri, na daina shiga. Inna ba mai magana ba ce, carbinta da rediyonta sun ishe ta. Na kan tarar da kaina tun la'asar ina lissafin awa nawa suka rage zuwa shida na safe.

A mako na uku babur ya ƙi tashi. Allah ya sa na gwada shi kafin kiran. Na kwance fulogi, na same shi baƙi ƙirin, a jiƙe da mai. Na wanke shi da fetur da tsohon buroshin haƙori, na ɗora kan garwashin da na dama koko har ya bushe, na mayar. Bugu biyu ya tashi. Da ya kira ya saurara ya ce, "Kin ji lafiyayyen inji." Na ce na ji.

Daga nan abin ya zama duk bayan kwana uku. Sai ya koma kullum. Na daina zuba murfi uku, ban gaya masa ba, amma bai hana ba. Hannuna ya koma na 'yan gareji, ƙasan farcena baƙi, Inna ta fara kallon tuwon da na tuƙa kafin ta sa hannu.

Na kira Baba.

"Wane launi fulogin?" ya ce, ko bayanin babur ɗin bai bari na gama ba.

"Baƙi, Baba. A jiƙe."

"Wa ke hawansa?"

"Ba kowa."

"To uban me ake tayar da shi?"

Bai jira amsa ba. Ya ce in kwance kafireto, in cire kwanon ƙasa, zan ga jet biyu, wato ƙananan bututun tagulla da fetur ke bi ta cikinsu. Babban na gudu ne, ƙaramin na silo. Ya ce in ɗaga ƙaramin sama wajen haske in faɗa masa abin da na gani. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jera komai a faranti. Hujin da ya kamata ya zama kamar bakin allura ya buɗe, gefensa duk a ƙarce.

"Mijinki ya zura masa wayar birki," in ji Baba. "Duk haka suke. Ya toshe masa a daji, ya tsinko zare ɗaya na waya ya soka, ya ga ya tashi, ya ɗauka ya gyara. Yau ya soka, gobe ya soka, huji ya faɗaɗa. Yanzu fetur ya fi iska yawa. Ga ku can kan tudu, iskar ma ba ta kai tamu nan kauri ba. Lokacin da yake gudu da shi zafi yana ƙone abin da ya taru. Ke kuwa jiƙa shi kawai kike yi."

Bayan kwana biyu wani direba ya kawo mini ƙullin takarda daga Kiru. Jet ƙarami ne sabo, da fulogi biyu, da dabino ɗan kaɗan da na san Ummata ce ta cusa. Na zauna na ci dabinon tukuna, a ɗakin ajiya, ƙofa a rufe. Sannan na ɗaura jet ɗin, na daidaita sukurun iska yadda Baba ya ce, a matse shi duka a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Kukan babur ya washe, hayaƙi ya ragu. Na kira Baba ina murna.

"Kada ki yi murna da yawa," ya ce. "Kin sayi kwanaki ne. Irin wannan inji sai ya yi zafi, sai an buɗe masa wuta a hanya. Ki gaya wa mijinki ya ba wani ya dinga hawa."

"Zan gaya masa."

"Yaushe?"

"Baba, katina zai ƙare."

Ban gaya masa ba. Na san abin da zai biyo baya. Zai ce a kai wa yayansa, ɗakin ajiya ya zama na masara kawai, kuma ban san ko zai ci gaba da kira ba. Tun da ya tafi bai taɓa kira a wani lokaci ba sai shida, bai taɓa fara magana da wani abu ba sai babur. Na kan yi tunanin in hau shi da kaina in zagaya bayan gari. Na iya, Baba ya koya mini a filin bayan gareji. Amma matar malami a kan babur ɗin daji, a garin da ko hanyar kasuwa ban gama sani ba, kafin in dawo labarin ya kai kudu.

Sabon jet ya ba ni kusan mako uku. Sai fulogi ya fara baƙi kuma, salansa ta fara ɗigo da wani mai kamar kwalta a kan siminti. Wata safiya ina tsugune gaban murhu, fulogi a kan garwashi, Inna ta tsaya a kaina.

"'Yar nan, wannan ƙarfen da kike gasawa kullum, ya san da shi?"

"Bai sani ba, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Na zaci faɗa za ta yi.

"Ni ko gaisuwar tasa ta bakinki nake ji," ta ce. Ta ɗauki butarta ta wuce.

A wata na huɗu, ranar wata Talata, ya ƙi tashi sam. Na sa fulogi na ƙarshe, ya jiƙe. Na gasa, ya sake jiƙewa. Waya ta yi ƙara ina kan bugu. Na ɗauka na ajiye ta kan buhu, na ci gaba. Kiki ya dawo ya make ni a ƙwauri, na ji har cikin haƙorana.

"Me ya faru? Kin ja cok?" in ji shi.

"Na ja."

"Akwai mai? Ko kin manta murfi ukun?"

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa murfi ukun nan na daina tun watanni uku da suka wuce. Na ce shi ya lalata jet da wayar birki, ni na canza. Na ce kukan da yake yabawa kullum, ni nake tashi in wanke fulogi in gasa kafin ya ji shi. Na ce babur ɗinsa mutuwa yake yi a tsaye, ko dai a ba Yaya ya hau ko ya ruɓe a nan.

Na sunkuya ina shafa ƙwaurina.

"Me ya sa ba ki faɗa ba tuntuni?"

"Idan aka ɗauke shi, za ka kira?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya ce. Za ka kira?"

Ina jin kukan shanu a bayansa, wani yana ƙwala masa kira da yaren da ban sani ba.

"Ni ban iya hirar waya ba," ya ce a hankali. "In na kira me zan ce?"

"Ka ce ko me ne ne."

Ya ce to. Ya ce zai yi wa Yaya magana.

Ranar Alhamis Yaya ya zo da sabon fulogi a aljihu. Na cire salansa na zubar da abin da ya taru, na ɗaura masa komai, na ce murfi biyu, kuma kada ya kuskura ya zura waya a kafireto. Ya yi dariya ya ce, "Amarya, ashe bakanike muka auro." Tura babur ɗin muka yi a gangaren ƙofar gida kafin ya kama. Ya tafi yana tari, hayaƙi ya cika layi, can wajen kwana na ji ya washe.

Juma'a na tashi na yi sallah, na zauna bakin gado da waya a cinya. Shida ta yi, shida da rabi ta yi. Da bakwai ta wuce na tashi na ɗora ruwa. Asabar ma haka.

Lahadi bayan azahar ina tankaɗen gari waya ta yi ƙara. Maigidana ne, ya ce Yaya ya ce babur yana tafiya lafiya. Na ce madalla.

"Me za ku ci yau?" ya ce.

"Tuwon masara. Miyar kuka."

"To."

Ban taimake shi ba, na bar shi ya nemo abin faɗa da kansa. Can ya ce an yi ruwa a wajensu tun daren jiya, wata saniya ta haihu. Na tambaye shi mace ko namiji. Ya ce mace. Sannan ya ce in ba Inna wayar, na kai mata, na koma kan garina.