Ranar da Na Yi wa Mawaƙi Amshi

Shekara guda na yi ina kishin wata mace da ban taɓa gani ba. Ita ce mai yi wa wani mawaƙin Sakkwato amshi a waƙar da nake ji a waya. In ya ce zuciyarsa ta yi ƙaura, sai ta amsa da siririyar murya: "Wurina ta sauka." Nakan kife littafin soyayyar da nake karantawa, in rufe ido in ƙera ta a zuciyata: doguwa, mai wushirya, da lalle har gwiwar hannu.

Da bikin yayana ya matso, na tsaya kai da fata sai wannan mawaƙin za a kira. Kawu, wanda ya riƙe mu tun rasuwar babanmu, ya yarda da sharaɗi.

"Ban son mai motsa leɓe inji na yi mai aiki. Nan Sabon Birni mawaƙi da bakinai shika waƙa."

Na ce in mutumin ya ba da kunya, laifin nawa ne.

Ranar bikin, bayan la'asar, aka cika rumfar ƙofar gida. Dangin amarya da suka zo daga Isa sun kama kujerun gaba. Mawaƙin ya sauko daga bayan mashin, shi kaɗai da 'yar jakarsa. Na leƙa hanya ko wani mashin na tafe. Babu. Na daure na matsa.

"Malam, ina mai amshin?"

Ya yi dariya. "Ai ga ta gabanki. Muryata ce aka matse da kwamfuta a situdiyo ta koma ta mata."

Na koma cikin mata na zauna.

Aka saki kiɗa zalla, kamar yadda Kawu ya nema. Muryar da ta fito ba ita na sani ba. Busasshiya ce, numfashi ba ya isar ta, kiɗa na gaba tana biye. Wannan duk mai sauƙi ne. Da ya ce zuciyarsa ta yi ƙaura, sai wurin ya yi tsit. Kiɗan na jiran amsa, ba mai ba shi. A ƙasar Gobir ko makaɗin noma ba ya fita ba 'yan amshi, sai ga namu yana kira, iska na amsawa.

Wata tsohuwa daga Isa ta ɗaga murya: "Wanga bawan Allah, 'yan amshinai yaji sunka yi?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Yayana ya sunkuyar da kai cikin sabuwar hularsa. Kawu kuwa ni kawai yake kallo.

Baitin ya sake zagayowa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wurina ta sauka!"

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. "Ke! Ɗiyar maroƙa ce ke? Gaban surukai?"

"Ni na kira shi, Gwaggo. Za ni amsa mai."

Na miƙe tsaye don kowa ya ga ko wace ce. Muryata ba siririya ba ce, amma ta toshe ramin. A baiti na uku ƙawata ta shigo. A na huɗu ƙawayen amarya suka kama, ashe duk sun haddace. Mawaƙin bai gyaru ba, kada in yi ƙarya. Har ƙarshe yana haki. Sai dai waƙar ta kai ƙarshenta, ba ta mutu a tsakiya ba.

Da safe Gwaggo ta ce in je masaukin dangin amarya in ba su haƙuri, na zubar da mutuncin gida. Kawu ya amsa gaisuwata a taƙaice. A bakin famfo kuwa har an laƙaba mini "'yar amshi".

Na sa gyale na tafi. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na yi musu ban gajiya. Tsohuwar nan ta ce, "Sai mi kuma, ɗiyata?"

Na ce, "Shi ke nan, Inna. Allah shi kai ku gida lafiya."

Waƙar da na gayyato da bakina ba za ta faɗi a ƙofar gidanmu ina zaune ba. Haƙurin nan ban ba da shi ba, har yau.