Mahaucin Kan Aduwa

Shekaranjiya ina wucewa ta gefen shingen wayar wata makaranta, sai na ga fara a soke jikin ƙayar wayar, ƙafafunta a sama, ta bushe ƙayau. Na tsaya ina ta dariya ni kaɗai, har wani mai babur ya rage gudu yana duba ko lafiyata ƙalau. Lafiyata lau. Farar nan ce ta ɗauke ni cak ta dire a Jibiya, bakin iyaka, a shekarar da na kusa korar wani bawan Allah daga gari da harshena kawai.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma gara in faɗa maka tun yanzu, ban iya ba da labari yadda ya faru ba. In na ga akuya ta tsallake kwata, kafin in isa gida ta zama raƙumi ya tsallake gulbi. Kakata takan ce da gishirin da nake ƙara wa magana na sayarwa ne, da ayarin Bilma sun huta da tafiya.

Zamanin kuɗin mai ne. Manyan motoci sukan yi layi tun daga sandar kwastan har inda ido ya gaza, ɗauke da siminti da atamfa da kekuna da akwatunan rediyo. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa ya sayi babur, har wanda bai iya tsayar da shi ba. Kowace mota dole ta jira takarda, direban da ke jira kuwa yunwa yake ji. Nan Kakana ya shigo. Mahauci ne gadon gado, tukubarsa tana ƙarƙashin wata tsohuwar aduwa mai ƙayoyi kamar basilla. Har yau ina jin ƙamshin: kitse na ɗiga cikin garwashi, ƙuli-ƙuli na soyuwa, hayaƙi na bin mutum har cikin aljihu. Yana da dokarsa ta soke nama a tsinke, tsoka biyu, kitse ɗaya, kuma duk wanda ya yi akasin haka a wurinsa ba mahauci ba ne, mai wasa da wuƙa ne.

Shekara da shekaru shi kaɗai ne a wurin. Sai ga wani tsoho daga Maraɗi, dogo, siriri, marar magana. Fari ya kashe masa dabbobi kaf, ya tattaro iyalinsa ya kafa 'yar tukuba a ɗaya gefen titi. Yakan haɗa tsirensa da ɗanyar albasa da wani yaji rawaya na cikin kwalba. Direbobin Nijar suka koma wurinsa, wasu namu ma suka fara tsallakawa a sace. Yadda Kakana yake wasa wuƙa ya canza. Daga can garin Magama sai ka ji ƙarar.

Wata safiya bayan an gama yankan gero, lokacin da fara ta cika duniya, wani yaron mota ya ɗaga kai ya yi salati. A reshen da ke bisa tukubar Kakana, an soke fara bakwai a jere jikin ƙaya, da buzuzu biyu, da ɗan ƙadangare. Mutane suka taru. A cikin mahauta ba a wasa da irin wannan, don kowa ya san labarin wanda aka yi wa asiri namansa ya riƙa wari tun yana kan wuta. Aka yi tsit. Ni kuwa ban taɓa iya ganin taro ya yi tsit in ƙyale ba.

Na ce, “Ai ni na ga wanda ya yi.”

Wayyo daɗi! Ido ɗari a kaina. Na ce da sassafe na ga tsohon Maraɗi tsaye da ƙafa ɗaya, yana soke fara yana kiran sunan Kakana sau uku-uku. Na kwaikwayi tsayuwar, na kwaikwayi muryar, na faɗi ƙasa don armashi. Yaran mota suka yi ta dariya, wani ya saya mini shayi da burodi. Kafin azahar labarin ya fi ƙarfina, har an ce a kan kura ya zo, abin da ni kaina na ji haushin ban tuna da shi ba.

Kakana kaɗai bai yi dariya ba. Ya sa babbar riga ya tafi wurin Sarkin Pawa, shugaban mahautan gari. Hukunci ya fito: ranar Lahadi za a zauna, in tsohon bai wanke kansa ba, ya kwashe tukubarsa ya koma inda ya fito.

Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen tsirensa. Da la'asar na bi ta gabansa ina sanɗa, na gan shi zaune yana kore ƙuda daga naman da ba mai so, 'yar ƙaramar ɗiyarsa na barci jikin buhun gawayi. Ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka zagi zai yi, har na shirya gudu.

Ya ce, “Ɗana, mi na yi maka?”

Shi ke nan abin da ya faɗa. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

A gida Kakata ta ga tuwo ya yi saura a kwanona, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni. Ta kama kunnena ta ce, “Mijina, dube ni nan. Ka gani, ko ba ka gani ba?”

Na ce, “Na dai kusa gani.”

Ta ce, “Muciyar ga ma ta kusa ganin ƙeyarka. Tashi ka kwance abin da ka ƙulla.”

Na je na durƙusa gaban Kakana na ce ƙarya na yi. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, “Ka ga aikin nasa ko? Har ya juya bakin yaro.” Ga shi kuma kullum safiya sai an sami sabuwar fara a ƙaya. Na gane gaskiyata ba ta da kasuwa. Dole sai na kamo mai laifin da kaina.

Safiya biyu na yi kwance cikin tarin karan gero kusa da aduwar, cinnaku na cin rabonsu a jikina. A ta biyu, rana ta ɗan ɗaga, sai wani tsuntsu ya sauka a can ƙololuwar itacen. Bai kai kurciya ba. Bayansa toka-toka, cikinsa fari, ga baƙin zane ya ratsa idanunsa kamar amaryar da ta zuba kwalli a cikin duhu. Irinsa da danginsa duk suda muke ce musu. Ya zauna yana juya kai dama da hagu. Sai ya faɗo ƙasa kamar jifa, ya tashi da fara a baki, ya nufi reshen nan, ya saita ta a ƙaya, ya danna. Ya ja baya ya dubi aikinsa. Wallahi har gyarawa ya yi!

Na fito daga kara da gudu, ina ihu, “Tsuntsu ne! Tsuntsu ne ke tsire!” Ban taɓa ba mutane dariya irin ta ranar ba, kuma ranar ce kaɗai ban so ba. Wani direba ya riƙe ciki ya ce, “Gobe kuma zakara zai buɗe shagon ɗinki.”

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, malamin dabbobi, mai duba shanun da ake tsallakowa da su. Kirista ne daga wajen Jos, kuma mutane na yi masa kallon mai ɗan taɓi, don in ya tashi aiki sai ya rataya madubin hangen nesa ya shiga daji yana kallon tsuntsaye, bai harbi ko ɗaya. Ya sa na kwatanta masa tsuntsun. Ina kai wa baƙin zanen ido sai ya buga cinya, ya ce in gaya wa Sarkin Pawa kada a yanke komai sai ya fito daga coci.

Ranar Lahadi aka tsince duk abin da ke jikin ƙaya, aka shimfiɗa tabarmi can nesa da aduwar. Ga Sarkin Pawa, ga Kakana, ga tsohon Maraɗi a gefe shi kaɗai, ga direbobi, har da wani ɗan kwastan da ya bar sandarsa ya zo kallo. Aka zauna jira. Tsuntsu ya ƙi zuwa. Rana ta yi zafi, Sarkin Pawa ya fara laluben takalmansa. Sai Malam ya yi maza ya buɗe wani littafi mai hotuna.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, kafin ya iso, ga shi nan a takarda. Masana sun ba kowane tsuntsu suna biyu da tsohon harshen Rumawa, na gidansu da nasa na kansa, don Bafaranshen Maraɗi da Baturen Katsina su san abu ɗaya suke magana. Na gidan su wannan Lanius. Ma'anarsa mahauci.”

Kakana ya miƙe zaune. “Mahauci? Wa ya naɗa shi?”

“Aikinsa ne ya naɗa shi, Baba. Ƙafarsa ba ta da ƙarfin riƙe nama kamar ta shaho, sai ya rataye a ƙaya ya riƙa yaga. Abin da ya rage ya bar shi ajiya. Waɗanda suka ba shi sunan sun ga kamar rumfar pawa.”

“To na biyun hwa?” in ji Sarkin Pawa, ya saki takalmin.

“Excubitor. Mai gadi ke nan. Saboda yakan hau can sama ya zauna yana duban mai shiga da mai fita, in ya hango shaho ya yi ihu.”

Wani direba ya nuna ɗan kwastan ya ce, “Ashe abokin aikinka ne. Shi ma sai an ba shi na goro?” Wuri ya kaure da dariya. Malam ya buɗe wani shafin ya nuna ɗan'uwansa mai jan kai, wanda ke zuwa mana baƙunta daga ƙasar Turawa, ya ce shi sunansa na biyu senator, dattijon majalisa, don jan nan ya tuna musu da adon tufafin manyan Rumawa. Sarkin Pawa ya shafa jar dararsa ya ce lallai mutanen nan sun san girma.

Ana cikin haka tsohon Maraɗi ya ɗaga yatsa a hankali. “Mushe,” ya ce da Malam, yadda suke kiran malami a can, “ga mai gadin naku.”

Ga shi kuwa a ƙololuwa. Ban taɓa jin bakin iyaka ya yi shiru haka ba, ina jin ko injin mota ya riƙe numfashi. Tsuntsun ya duba gabas, ya duba yamma, ya ɓata mana lokaci kamar mai jiran a sa masa hannu a takarda. Sai ya faɗo. Ya tashi da fara ƙatuwa. Ya sauka a reshen Kakana, ya saita, ya danna.

Salati ya tashi. Ni na yi tsalle har sai da na hango garin Gangara. Kakana ya karkaɗe rigarsa. Ya tashi ya taka har gindin aduwar, ya jawo reshen, ya daɗe yana duban farar ta sama da ta ƙasa. Ya dawo ya ce, “Ta ƙeya ya soke. Bai ɓata nama ba. Wanga ya gada.”

Daga nan ya wuce mu, ya tsallaka titi zuwa tukubar tsohon Maraɗi, tsohon da jama'a na biye da shi. A al'adar mahauta ba ka cin naman wanda kake zargi, ko da yunwa za ta kashe ka. Kakana ya zari tsinke ɗaya a gaban kowa, ya dangwala a yajin nan rawaya, ya cinye tas, hawaye na zuba don yaji. Ya kama hannun tsohon ya ce, “Ka gafarce ni, ɗan'uwa. Amma kitsenka ya yi yawa.” Tsohon ya yi murmushi, na farko da na taɓa gani a fuskarsa. Kafin la'asar ba sauran tsoka a tukubarsa.

Ni kuwa Sarkin Pawa ya yanke mini kwana arba'in ina fiƙe wa tsohon tsinken tsire. Na fiƙe tsinken da in an jera shi zai kai Maraɗi ya dawo. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai in na fara ba yaran mota labari, yakan ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ni kuwa sai in haɗiye sauran.

Yau duk sun riga mu gidan gaskiya. An sare aduwar da aka faɗaɗa titi, inda tukubar Kakana take yanzu ana cajin waya. Yara ba su ɗaga kai su dubi itace, ko sun ga tsuntsu ba su tambayar sunansa. Na ba jikana wannan labari, na faɗa masa sunayen biyu yadda Malam ya karanta su, mahauci mai gadi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Kaka, ka dai ƙara gishiri.” Ka ji fa. Labari ɗaya tak da tsuntsu ya riga ni zuba masa gishiri, shi ne har yau ba a yarda da shi.

Farar nan ta jikin shingen waya kuwa, har na kai hannu zan ciro ta in kai wa yaron shaida. Sai na fasa. Jikan mahauci ne ni, na san ba a taɓa naman da wani ya rataye.