Yadda Yaya Ya Ji Mota da Haƙori

A tashar Nguru, zamanin da ake jibge buhunan gyaɗa a bakin layin dogo, ba a tambayar wane ne gwanin direba. Yayana ne. Ba don cikinmu ɗaya nake faɗa ba, ni da shi ma faɗanmu ya fi shirinmu yawa. Amma mutumin nan zai tashi da mota daga Nguru, ya ratsa rairayin Jajimaji, ya sauka Gashuwa, ba ka ji giya ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Direbobin yanzu za su ce to mene ne abin yabo a nan? Haba, ku da giyarku ke faɗawa da kanta! Motar da nake magana tsohuwar ta soja ce, cikin waɗanda aka yi gwanjonsu bayan yaƙi. Wani Alhaji Babarbare, mai fataucin gyaɗa da fatu, shi ya saye ta, ya sa aka ɗora mata bodin katako. Giyabos ɗinta ba ya lallashin kowa. A ciki haƙoran ƙarfe ne tsurarsu, wannan yana juyi da gudunsa, wancan da nasa, kuma ba za su shiga juna ba sai gudunsu ya zo ɗaya. Kai direba kai ne mai daidaita su. In za ka sauko da giya, sai ka taka kuloci ka cire ta zuwa firi, ka saki, ka ɗan taɓa totur injin ya yi gurnani, ka sake taka kuloci, sannan ka tura. Taku biyu ke nan. Ɗan gurnanin nan na tsakiya shi ne dukkan sana'ar, kuma babu agogon da zai gaya maka ya isa, kunnenka ne kawai. In ka saɓa, garrr! Duk wanda ke tasha sai ya juyo ya ga wane ne mai sussukar ƙarfe.

Wallahi har gobe ina jinjina wa wanda ya ƙera motar nan. Fistin shida ne da ita, injin ba ya gaggawa, yana tafiya ɗif-ɗif-ɗif kamar mata na daka. Duk abin da ke cikinta hannu na kai masa, ido na ganinsa. Fambel, wato bel ɗin fankar inji, ya tsinke mana a daji, Yaya ya yanko igiyar fata ya ɗaura, muka isa gari. Lagireto ya yi yoyo, aka liƙe da sabulu. Abin da ba ta yafewa shi ne rairayi da sakarcin direba. Rairayin hanyar Gashuwa ya ci motoci ba kaɗan ba. Wanda ya makara wajen sauko da giya sai mota ta nutse. Ya fusata ya riƙa wasa da kuloci, sai ka ji ƙauri, ya ƙone shi. Ko ya fizge ta da ƙarfi shaf ɗin baya ya karye, ya zauna gindin goruba jiran wanda zai kawo masa wani daga Kano. Wasu kuma ruwa ya tafasa su ƙi tsayawa, har injin ya buga. Yaya bai taɓa yin ko ɗaya ba.

A hannunsa na koyi tuƙi, kuma gwiwata ta hagu ita ta sha karatun. Duk sanda na sa giya ta yi ƙara, kafin ƙarar ta mutu ranƙwashi ya sauka a gwiwata. "Sau biyu, Auta! Kunnen naka ado ne?" Auta yake ce mini, don ni ne na ƙarshe a ɗakinmu. Na yi aure, na haihu, na sami lasin ɗina, ina matsayin direba na biyu a motar, amma ranƙwashin nan bai daina ba. Na sha yin zuciya in ce na bar masa motarsa, gari ya waye a gan ni ina duba baƙin mai.

Akwai wata al'ada ta direbobin lokacin. Ba makulli ke nuna mai mota ba, ƙarfen wani ne, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake zurawa ta gaba a juya injin ya tashi. Wanda ƙarfen ke kwana a ɗakinsa shi ne direba. Na motarmu yana ƙarƙashin gadon Yaya, ko ni ba na ɗaukarsa sai ya miƙo mini.

Da damina hanya takan rufe, motoci su huta. A wata daminar ce zazzaɓi ya kwantar da Yaya, kunnuwansa suka yi ta zubar da ruwa. Ya tashi, ya murmure, muka gode Allah. Sai dai na lura in ana magana yana kallon bakin mutum, in ka kira shi ta baya sai ka taɓa shi.

Kaka ta yi, hanya ta buɗe. Ranar fitarmu ta farko, muna shan kwanar bakin tasha, Yaya ya sauko da giya, sai garrr! Ina zaune kusa da shi na ji kamar ni aka mara. Masu dako suka tsaya da buhu a ka. Wani direba da ya daɗe yana jin haushinsa ya tafa hannu yana dariya. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya bai ma ji ƙarar ba, a tafin hannunsa ya ji sandar giya ta yi rawa, sannan ya ga fuskokin mutane. Kafin mu kai Gashuwa mu dawo ya sake yi har ban iya ƙirgawa ba.

Bayan mun dawo Alhaji ya kira ni rumfarsa ni kaɗai. Mutum ne mai sanyin magana, bai kuma taɓa wulaƙanta mu ba.

"Wushe da hanya," ya ce, irin gaisuwarsu ta Barebari. "Labari ya iso ni. Giyabos in ya zube babu irinsa a nan kusa. Ka karɓi ƙarfen daga hannun yayanka, kai za ka riƙe motar."

Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na ce, "Alhaji, ni zan shiga ɗakin Yaya in zaro ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa? Allah ya kiyaye! Mutumin da bai taɓa ƙona maka kuloci ba, yau don ya yi ciwo za a yar da shi kamar tsohuwar taya? In haka ne nemi wani, ni ma na bari."

Bai yi fushi ba. Ya ce tafiya mai zuwa zai bi mu Gashuwa da kansa, ya zauna a gaba. In giya ta yi ƙara, magana ta ƙare, kuma shi da bakinsa zai gaya wa Yaya.

Na je na sanar da Yaya, ina ɗaga murya a kunnensa. Tuƙin nan shi ne abincin gidansa, shi ne kuma sunansa a garin nan, duk mun san haka.

Kanikawa suna da wata dabara. In suna neman inda inji ke ciwo, sai su ɗora kan sanda a jikinsa, su kafa ɗaya kan a kunne, ƙarar cikin ƙarfe ta biyo sanda. Washegari da hantsi Yaya ya gwada, bai ji abin kirki ba. Yana so ya ɗaure wani noti, hannu biyu duk a cike, sai ya cije sandar da haƙori. Tana bakinsa, ɗaya kan ya taɓa injin da ke aiki. Na ga ya tsaya cak, idanunsa sun buɗe. Ya ajiye sifana, ya ƙara danna sandar, ya yi mini alama in taɓa totur. Na taɓa. Ya ɗaga hannu yana bin gurnanin sama da ƙasa, daidai, babu kuskure. Ashe ƙarar tana bi ta haƙori ta shiga kai.

Ranar ya yanko reshen aduwa mai tsawon kamu biyu, ya fere shi, ya gyara masa mazauni a ƙarfen gaban sitiyari. Ya kuma tuɓe takalmansa, ya ce tafin ƙafa ma yana da nasa jin. Muka yi ta zagaya bayan gari yana gwadawa har la'asar. 'Yan tasha suka sami abin tsokana, wai Yaya ya koma jariri mai tsotso. Na kusa dambe da mutum biyu a kan haka.

Ranar tafiya muka ɗauki gishiri da atamfofi da kananzir, Alhaji a tsakiya, ni a bakin ƙofa, Yaya da sandarsa a baki. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya ja carbinsa. Kai, ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba! Gabanin Jajimaji akwai wani dogon tudun rairayi da direbobi ke tsoro, wanda sai an shimfiɗa wa wasu tabarmin kaba kafin su haye. Yaya ya shige shi da gudu. Mota ta fara nauyi, ƙafarsa tsirara ta taka, ta saki, ta taɓa totur, ta sake takawa, giya ta shige sumul kamar cokali a man shanu. Tsakiyar tudu ya sake saukowa, haka. Injin yana nishi, tayoyi na tona, amma ba ta tsaya ba har muka leƙa ɗaya gefen. Fasinjojin da ke kan kaya suka ɗau kabbara. Alhaji ya bugi cinyarsa ya ce, "Madalla!" Ni kuwa na juya ina kallon daji don kada a ga idona. Har muka shiga Gashuwa giya ba ta ce uffan ba.

Wurin sauke kaya yana gefen kasuwa, kusa da inda masunta Badawa ke baza kifi. Sai an shiga da baya. Na sauka don in duba masa hanya, kamar yadda muka saba, in yi ihu in ya isa. Ya sa ribas, ya taho a hankali. A nan na hango wata Bafillatana mai tallar nono ta shimfiɗa tabarma daidai inda tayar baya za ta bi, 'yarta ƙarama na zaune a kai. Jikin bodi ya tare masa su. Na ƙwala ihu, "Tsaya!" Masu kifi suka ɗauka, kasuwa duka ta ɗauka. Mota tana tahowa. Alhaji a ciki ya zaci hayaniyar kasuwa ce. Na ruga na daki ƙofar Yaya da hannu biyu, ya ga fuskata, ya take birki.

Muka zagaya baya. Taya ta hau rabin tabarma, ƙwaryar nono ta tarwatse a ƙarƙashinta. Matar tana gefe a durƙushe, ta rungume 'yar da ta fizgo ta hannu ɗaya, tana kuka tana zuba mana Fillanci. Yarinyar ko ƙwarzane babu.

Alhaji ya ba matar haƙuri, ya sallame ta har ta huce. Sannan ya matso kunnen Yaya ya ɗaga murya: "Allah ya tsare. Laifin mai shimfiɗa a hanya ne. Na ga tuƙinka da idona, mota tana hannunka."

Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan mun ci. Amma Yaya bai kalli Alhaji ba. Yana tsaye ƙafa ba takalmi, yana kallon nonon da ƙasa ke shanyewa. Ya tambaye ni, da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, "Auta, kun yi ihu?"

Na ce, "Mun yi, Yaya."

"Da yawa?"

Na ɗaga kai.

Ya juya ya buɗe ƙofar mota, ya zaro ƙarfen wani daga bayan kujera, ya miƙo mini a gaban kowa. Na ɓoye hannuwana a baya, na ce ban karɓa ba, ai Alhaji ya gama magana. Ya ce, "Sandar nan inji take jiyar da ni, ba ta jiyar da ni mutum. Karɓi, kada ka sa in roƙe ka a kasuwa." Na karɓa. Ban san ƙarfen nan yana da nauyi haka ba, ni da na sha juya shi.

Alhaji ya tsaya Gashuwa kan harkar fatunsa. Washegari da safe muka ɗauko gyaɗa da bandar kifi muka juyo, ni a sitiyari, Yaya a bakin ƙofa inda nake zama. Ya sa takalmansa, sandar aduwa tana jingine a gefensa. Daga baya ya zama mai sauraren injuna a Nguru, direbobi har daga Dapchi suna kawo masa mota ya cije sanda ya faɗa musu ciwonta, kuma bai rasa abinci ba har ya koma ga Allah. Amma ranar ba mu san haka ba.

Muka iso tudun nan na Jajimaji. Mota ta fara nauyi, na taka, na saki, na yi gaggawar turawa. Garrr! Ƙarar ta cika daji. Ban san sanda na janye gwiwata ba, ina jiran ranƙwashi.

Bai zo ba. Na saci kallonsa, na ga hannuwansa a kan cinyarsa, fuskarsa a waje yana kallon gorubai. Ko bai ji ba, ko ya ji a jikinsa ya ƙyale ni, ban taɓa tambayarsa ba. Na sake takawa sau biyu, giya ta shiga, muka haye. Tun da nake ban taɓa son a buge ni ba sai ranar.