Busar da Inna Ta Kasa Yi a Gabana

Har yau idan na tuna takardar nan raina ɓaci yake yi. Wata tara Inna ta yi tana haki, tana sallah a zaune, saboda takardar da wanda ya fitar da ita bai ɓata ko minti biyar a kanta ba.

Inna mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari. Tun ina goye take dafa kalwa tana yin daddawa a ƙauyenmu da ke bayan Gagarawa, cikin wani ɗan madafi mara taga, hayaƙin kara ya turnuƙe har ba ka ganin wanda ke ciki. 'Yan sari daga Maigatari har gida suke biyo ta. Da tari ya kama ta, ta ce mura ce. Da abin ya kai sai ta huta sau uku kafin ta isa rijiya, na ɗauko ta na kawo Gumel inda nake koyarwa, na kai ta wani asibitin kuɗi da aka ce sun sayo na'urar gwada numfashi.

Gwajin ba shi da wuya a baki. A matse maka hanci, ka zuƙi iska iya ƙarfinka, ka kama bututu da leɓe, ka fesar da ita gaba ɗaya har sai cikinka ya manne. Da yawan iskar da saurin fitarta ake gane ko hanyoyinta ne suka tsuke, ko kuwa huhun ne ya ƙanƙance ba ya buɗewa. Amma sai an busa da gaske, an kuma maimaita aƙalla sau uku.

Mai gwajin wani matashi ne, rabin hankalinsa na kan waya. Na tsaya daf da Inna, wai ni ɗan boko, kada a yi mata bayanin da ba za ta gane ba.

"Mama, busa," in ji shi.

Ta busa kamar mai fifita kunu.

"Haba Inna, ki cika kumatu ki busa da ƙarfi mana!" na ce.

Ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi, ta sake wata 'yar busar da ba ta kai ta farko ba. Shi ke nan ya danna, takarda ta fito. Likita ya duba ya ce huhu ya ƙanƙance, tsufa ne, sai haƙuri. Aka haɗa mu da maganin tari muka koma.

Wallahi abin da ke ƙona min rai, wannan matashi ba baƙo ba ne. Hausar da muke yi ita yake yi, a irin gidajenmu ya tashi. Yana ganin tsohuwa tana noƙewa, bai tambayi kansa dalili ba. Likitan ma bai ce a sake ba. Mutum ya zo da ransa a hannu, ku kuma kuna sauri kamar masu lodin mota ranar kasuwa!

Autarmu da ke aure a Sule Tankarkar ita ce ta ƙi yarda da haƙurin nan. Ta matsa muka kai Inna wani asibitin, inda muka tarar da wata nas, dattijuwa mai kaifin ido. Ta dubi tsohuwar takardar ta yamutsa fuska, sannan ta nuna ni.

"Iya, wannan fa wane ne?"

Inna ta mayar da idonta ƙasa. Auta ta yi dariya ta ce, "Yayanmu ne, na fari."

"To Malam, bismillah, waje. Ka yi nisa, ko gyaran muryarka kada ta ji."

Na fita ina huci, ina cewa a raina wannan wane irin wulaƙanci ne. Daga gindin darbejiya nake jiyo nas tana ta "Busa, Iya, busa, saura, saura!" Sai tari, sai dariyar mata. Suka shaƙa mata magani, suka jira kamar minti goma sha biyar, suka sake.

Huhun Inna bai ƙanƙance ba. Hanyoyin iskar ne hayaƙi ya tsuke, kuma maganin shaƙa yana ɗan buɗe su. Aka ba ta shi, aka ce a fitar da murhu tsakar gida. Bayan sati biyu auta ta bugo min waya ta ce Inna ta yi la'asar a tsaye.

Na yi murna, amma fushina ya ƙaru. Duk wanda na gamu da shi sai na ba shi labarin matashin nan da wayarsa. Ran nan na je gida ina ta maimaitawa a soro, auta ta katse ni.

"Yaya, ka rage zagin bawan Allah nan. Na tambaye ta abin da ya hana ta busawa ran farko."

"Ta ce me?"

"Cewa ta yi, 'Da wane idon zan kumbura kumatu, hanci a matse, yawu na zuba, wancan yana tsaye a kaina?'"

Shekara arba'in da biyar ina duniya, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba. Na san wannan sarai. Kuma ni ne na dafa kafaɗarta ran nan, ina ɗaga mata murya ta busa.